Gonar wanda ya gudu, ta wa ce?

Duk lokacin da aka zo maganar sake gina yankunan da rikici ya ɗaiɗaita a Nijar, lissafi iri ɗaya ake kawowa: azuzuwan lakwal nawa, likita nawa, famfo nawa, hanya kilomita nawa. Babu mai musun amfanin waɗannan. Sai dai manomin da ya baro garinsu shekara huɗu ko biyar, in aka sauke shi daga mota a bakin gari, kafin ya duba ko an yi wa lakwal sabon kwano gona zai nufa. In ya tarar da hatsin wani ya kai gwiwa a cikinta, to zaman lafiyar da aka yi shela a rediyo bai iso gare shi ba tukuna. Ni a ganina da maganar ƙasa ya kamata a fara, kuma tun yanzu, tun mutane suna zaune a wuraren hijira, tun shaidu suna da rai. Wanda ya ce a bari sai bindiga ta yi shiru, zai tarar an makara.

Abin ya daɗe yana taruwa. A jahar Difa, tun harin Boso da Difa na Fabrairu 2015 da kwashe mutanen tsibiran Tafkin Cadi a watan Mayu na shekarar, akwai garuruwan da suka yi shekaru babu kowa. A Tilaberi an kashe mutum wajen 100 a Comabangu da Zarumdarai a farkon Janairu 2021. Nan jaharmu ta Tawa, ranar 21 ga Maris 2021, gwamnati ta ce mutum 137 aka kashe a yankin Tiliya, wajen Intazayan da Bakorat. Ta kudu kuma, daga Ƙonni zuwa Madawa da Bangi, ɓarayin daji sun hana noma a gonakin bakin iyaka, ga ƴan'uwa daga Sakkwato da Zamfara da suka ƙetaro suna neman wurin sa kai. Kowane gida da ya tashi ya bar wani abu da ba ya ɗaukuwa a amalanke: gona, garka, rijiya, kangon gida.

A ƙauyukan Adar gona kaɗan ce ke da takarda. Hujjar mallaka tana cikin kawunan mutane da jikin ƙasar kanta: layin gamba da aka bari tsakanin gona da gona, shingen aguwa, gawon da kowa ya san a gindinsa iyaka ta karya ta yi gabas, tarin duwatsu a kan fako, da tsofaffi uku ko huɗu da suka ga ranar da aka raba gado. Wannan tsari yana aiki muddin mutane suna nan, domin kowace damina ana sabunta shi. Kowa ya yi shuka ya tsaya inda ya saba tsayawa, maƙwabci yana kallo. Da gari ya watse, damina uku ta isa ta shafe rabin hujjar. Gamba gobarar daji ta lashe, gawo masu itace su sare, ruwa ya yanka sabon kwazazzabo ya sauya kamannin wuri, sabara ta rufe sauran. Tsohon da ya san iyakoki ya rasu cikin tanti. Yaron da ya bar gari yana ɗan shekara goma sha biyu ya dawo magidanci, ya san gonar ubansa tana yamma da gari, amma bai san inda ta ƙare ba. Haka aka yi a ƙasar Acoli ta arewacin Uganda: da mutane suka fara barin sansanoni daga 2006, rigimar iyakar gona tsakanin dangi da maƙwabta ita ta cika zaurukan sulhu, domin itatuwan shaida sun tafi, dattawan ma sun tafi.

Sai kuma abin da baƙo ba ya gani. Gona ɗaya tana iya ɗauke da haƙƙin mutum huɗu ko biyar. Akwai wanda ya gāda. Akwai wanda aka ba aro yake noma ta shekara ashirin, yana kai wa mai ita dami ɗaya ko biyu kowace kaka, damin da bai kai kuɗin haya ba, aikinsa kawai ya tuna wa kowa gonar ta wa ce. Akwai wanda ya karɓi wani gefe jingina. Akwai matar gida da gamanarta ta wake da kuɓewa. Akwai makiyayin da ke da ikon shigo da dabbobinsa su ci kara bayan an yi shelar sakin gonaki. Rikici yana yanke wannan damin na shaida. Shekara biyar ba a kai ba, sai ɗan mai aro ya tashi ya ce shi bai taɓa ganin ubansa ya kai wa kowa dami ba. Kuma yana da abin kamawa, domin a 1974 Seyni Kountché ya yi shelar cewa gona ta zauna a hannun wanda ke noma ta ko ta wace hanya ta shigo hannunsa, kuma har yau akwai shari'un da tushensu yake can. Tun daga lokacin masu gona suke tsoron aro mai tsawo.

Ta fuskar doka, ba mu rasa abin riƙewa ba. Kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 ya ce haƙƙin da ya fito daga al'ada da wanda ya fito daga takarda kariyarsu ɗaya. Shi da dokokin da suka biyo bayansa suka kafa hukumomin ƙasa da ake kira Kofo: ta gari, wadda mai gari ke shugabanta tare da sakatare da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa, ta komin, da ta gunduma a ƙarƙashin prefe. Kofo ta gari tana iya rubuta takardar shaidar mallakar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina. In rigima ta tashi, sarakuna ake fara kai wa su yi sulhu, sai an rubuta cewa sulhu ya gagara sannan a je gaban alƙali. Ban da haka, a Disamba 2018 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta mayar da Yarjejeniyar Kampala ta 2009 dokar cikin gida, yarjejeniyar da ta ɗora wa gwamnati kare dukiyar da ƴan hijira suka baro da samar da hanya mai sauƙi ta warware rigimarta.

Amma dokar 1993 an rubuta ta ne don lokacin zaman lafiya, kuma akwai wani tanadi a cikinta da zai iya zama wuƙa a hannun mai son zuciya. Ta ce in aka bar gona shekara uku a jere ba a aikata ta ba, ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba, Kofo na iya danƙa amfaninta ga wani. Kowa ya san gudun ceton rai uzuri ne, amma sanin kowa ba ya tsayawa a gaban shari'a sai an rubuta. Abin da ake buƙata gajeren umarni ne daga gwamnati, mai ɗauke da jerin garuruwan da suka tashi da ranar da kowanne ya tashi, yana cewa daga wannan rana lissafin shekaru ya tsaya. Wannan ma ya dace da abin da malamanmu na Malikiyya suka sani game da hauzi: wanda ya riƙe wuri shekara goma yana iya toshe bakin mai da'awa, amma da sharaɗin mai da'awar yana nan, yana gani, babu abin da ya hana shi magana, ya yi shiru. Wanda aka kora da bindiga bai cika ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan ba.

Cikin umarnin nan kuma a dakatar da sayar da ƙasa a garuruwan da suka tashi. Nan ne aka fi cutar mutane, kuma cikin shiru ake yi. Magidanci yana zaune a gefen birni, buhun taimako ya ƙare, yaro ba lafiya, sai wani mai hali ya aiko yana son gonarsa ta fadama. Kuɗin da za a ba shi bai kai na albasar shekara guda da gonar ke bayarwa ba. Ya sayar ba tare da ƴan'uwan da suke tarayya a gadon sun sani ba, domin sun watsu, wani yana Agadas, wani yana Libiya. Mai saye kuwa ya san hanyar ofis, shi zai fara samun takarda mai hatimi. Ranar da aka koma, gari zai tarar da fadamarsa ta zama ta mutum biyu ko uku da ba su taɓa kwana cikinsa ba. Kolombiya ta ga irin wannan da yawa, shi ya sa dokarta ta 2011 ta juya nauyin hujja: a yankin da aka yi tashin hankali, mai riƙe da ƙasar ne zai nuna ya same ta da gaskiya. Mu ma haka ya kamata: duk cinikin da aka ƙulla bayan ranar tashin gari a ɗauke shi kamar jingina, mai gona ya mayar da kuɗin ya karɓi abinsa cikin wa'adin da aka yanka. Mai saye na gaskiya bai yi asara ba, kuɗinsa sun dawo. Wanda ke ganin irin wannan rauni yana warkewa da kansa, ya tambayi mutanen Nijeriya labarin gidajen Inyamurai na Fatakwal da aka kira dukiyar da aka yasar bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970. An haura shekara hamsin ana ambatonsa da ɗaci.

Akwai masu cewa maganin duka shi ne a auna kowace gona da na'ura, a kafa borni, a ba kowa takardar mallaka, kamar yadda Ruwanda ta auna filaye sama da miliyan 10 cikin ƴan shekaru daga 2009. Ban yarda a fara da wannan ba. Ruwanda ta yi nata ne shekara goma sha biyar bayan kisan 1994, mutane sun riga sun zauna, kuma ƙasar ƙarama ce ƙwarai, babu makiyaya masu tafiyar ɗaruruwan kilomita irin namu. Awo a lokacin da rabin gari ba ya nan, wanda ke nan shi zai amfana. Takarda kuma suna ɗaya take ɗauka, ta zubar da mai aro da mai gamana da mai kiwo. Kodibuwa ta yi dokar ƙasar karkara a 1998, ta ba da shekara goma kowa ya nemi takarda, wa'adi ya cika ƙalilan ne suka samu, aka ƙara wasu goma a 2013, alhali rigimar ɗan ƙasa da baƙo a kan gonakin koko ta yammacin ƙasar tana ci. A Muritaniya dokar 1983 ta soke mallakar gargajiya, aka kori dubun dubatar mutanen bakin kogi zuwa Senegal da Mali a 1989, da suka fara komowa a 2008 da yawa suka tarar da gonakinsu a hannun wasu, da takardu. Mozambik ce ta fi kusa da abin da ya dace da mu: bayan yaƙinta ya ƙare a 1992, dokar 1997 ta karɓi shaidar baki ta mutanen gari a matsayin hujja, ta kuma yarda a shata iyakar ƙasar al'umma gaba ɗaya kafin a shiga ta ɗaiɗaikun mutane.

Aikin da za a iya yi yau ba shi da tsada. Yawancin garuruwan da suka tashi tare suke zaune a inda suka sauka, da mai garinsu da limaminsu. To Kofo ta gari ta zauna a can. Littafi ɗaya ga kowane gari, shafi ɗaya ga kowace gona. A rubuta sunan mai ita da na ubansa. Yadda ta zo hannunsa. Maƙwabtanta na gabas, yamma, kudu da arewa. Tiya nawa ta iri take ci, dami nawa take bayarwa a damina mai kyau. Itatuwa da rijiyar da ke ciki. Wanda ke noma ta a shekarar da aka tashi, da kuma a kan wane sharaɗi. Sai shaidu biyu waɗanda ba ƴan gidan ba. Sunayen maƙwabta huɗun nan su ne ƙashin bayan aikin, domin shafin kowa yana gaskata na ɗan'uwansa, mai son ƙara wa gonarsa faɗi sai ya ƙaryata mutum huɗu. A zauna da tsofaffi a zana taswirar gari a ƙasa, da burtali da mashaya da maƙabarta da hurumin gari, a kwafe ta a takarda, a naɗi muryarsu a waya. Bayan haka a karanta littafin a bainar jama'a, a maimaita har kasuwa uku, a aika wa waɗanda ke ci-rani ta WhatsApp. Inda aka yi gardama kada a yanke hukunci, a rubuta maganar kowane ɓangare a ajiye. Kwafi ɗaya wurin mai gari, ɗaya a komin, ɗaya a gunduma, domin ofishi ma yana ƙonewa.

Inda wannan aiki ke lalacewa sananne ne. In mai gari da sakatarensa kaɗai suka rubuta a ɗaki, littafin zai fito da gonakin gidan sarauta sun yi ƙiba. In aka sa kuɗin rajista, ko jika ɗaya ce, matalauta za su janye, su ne kuwa aka fi so a kare. In aka kira manoma aka manta da ruggagen Fulani da zangon Abzinawan da ke kewaye da garin, an shuka wata fitinar. Ba mu manta da rikicin manoma da makiyaya na Toda ba a 1991, inda aka kashe mutum sama da 100, ko na Bangi a 2016.

Wanda aka tarar cikin gona fa? Sau da yawa shi ma ɗan hijira ne daga wani gari, ko maƙwabcin da ya kasa gudu ya noma abin da ya samu. Ƙa'idar da mutanenmu suka sani ta isa: wanda ya shuka shi ke girbi. A bar shi ya cire amfaninsa, ya kai damin shaida, a rubuta, gona ta koma ga mai ita kafin shukar baɗi. In ya haƙa rijiya ko ya dasa mangwaro, a ƙiyasta a biya shi. Abin da bai kamata ba shi ne a riƙa sauya ƙa'ida a tsakiyar tafiya. Burundi ta kafa hukumar ƙasa a 2006 don waɗanda suka gudu tun 1972. Da fari tana raba gona tsakanin mai dawowa da wanda ya tarar, daga baya ta koma mayar da ita dungum, har da tayar da shari'un da aka riga aka sasanta, sai hukumar kanta ta zama abin rigima.

Arewacin Tawa maganarsa daban ce, kuma nan ne masu kawo taimako suka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa. Abin da ke bayanta, Azawak ɗin su Cintabaraden da Tasara da Tiliya, ƙasar kiwo ce, babu mai mallakar ta shi kaɗai. Abin da makiyayi ke da shi shi ne fifikon amfani a mazauninsa na asali, ba tare da ya hana wasu ba. A can mai rijiya shi ke da ciyawar da ke kewaye da ita, domin dabba ba ta kiwo inda ba za ta sha ba. Saboda haka in wata ƙabila ta gudu, wata ta zo ta yashe rijiyarta ko ta haƙa sabuwa kusa, an ƙwace makiyaya ke nan ko da ba a kafa shinge ba. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta sa tazara: kilomita 15 tsakanin rijiyoyin gargajiya, 20 tsakanin na siminti, 30 tsakanin rijiyoyin burtsatse. Ƙungiyar da ta zo da kuɗin famfo tana sauri ta kashe su kafin shekara ta ƙare, ta tambayi wanda ta tarar a wurin ina za a haƙa, ta ba shi makullin, ta yanke shari'ar ƙasa ba ta sani ba. Kada a haƙa ko a gyara mashaya ɗaya a yankin da aka tashi sai an zauna da waɗanda suka gudu da waɗanda suka zo, an rubuta wa ke fara shayarwa, wa ke bi, baƙo mai wucewa kwana nawa zai yi. Yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 tsakanin gwamnati da ƴan tawayen Abzinawa ta lafar da wutar tawayen wancan lokaci, amma gardamar rijiyoyi da manyan filayen da masu hali ke killacewa ba ta bi ta mutu ba.

Mata su ne za su fi yawa cikin masu komawa, domin maza aka fi kashewa. Shari'a ta ba matar mamaci tumuni in akwai ƴaƴa, rubu'i in babu, ta ba ɗiya rabin rabon ɗa. A aikace, a garuruwa da yawa, ana raba dabbobi da kuɗi a bar gona a hannun ƙannen miji da sunan riƙo, riƙon da ba ya ƙarewa. Littafin nan ya rubuta marayu da sunayensu, da sunan mai riƙo a matsayin mai riƙo. Wanda kuma aka sace ko ya ɓace ba a ga gawarsa ba, dukiyarsa ba ta rabuwa sai alƙali ya yanke hukuncin mutuwarsa, don haka matarsa ta ci gaba da noman gonar, kada wani ya yi mata gaggawa.

Za a ce tsaro ne gaba da komai. Gaskiya ne, babu mai zuwa awon gona inda ake dasa nakiya. Amma duk abin da aka lissafa a nan ana yin sa ne a inda mutane suke zaune yanzu. Kuma masu ɗauke da makamai sun iya shiga ta ɓarakar rigimar ƙasa: wanda aka ƙwace wa rijiya ko gona, ya kai ƙara bai samu mai saurare ba, shi ne mai sauƙin ja.

Wasu kuma ba za su koma ba, ko da an samu lafiya. A Bosniya bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1995 an karɓi da'awar gidaje wajen 200,000, aka mayar da fiye da kashi 90 cikin 100, amma da yawa suka karɓa suka sayar suka zauna inda suka saba. Mu ma an ga an mayar da mutanen Barwa ta Difa a Yuni 2021, kusan 6,000, alhali wasu dubbai sun riga sun kafu a bakin babbar hanya da gefen birane. Yaron da ya girma a Tawa yana tuƙa babur ba lalle ya koma riƙe hauya ba. Irin wannan yana buƙatar abu biyu: ikon ba da gonarsa haya ko aro da takarda ba tare da tsoron rasa ta ba, da fili a inda yake zaune wanda ba za a tashe shi ba ranar da birni ya iso wurin. Filin nan kuwa gonar wani ce. Mutanen da suka karɓi baƙi suka ba da gonakinsu aka kafa tantuna, da baki aka roƙe su, aka ce na ɗan lokaci ne. Shekaru sun wuce, ƙasar ta daddale, an yi masai da rijiyoyi, ba ta sake nomuwa. Ko dai komin ta yanka wurin filaye ta ba masu gonar kasonsu da takarda, ko ta biya su diyya, kuma a yi shi kafin a aza tubalin farko na gidajen da ake cewa za a gina wa ƴan hijira.